Kamantawa da Yadda ta Bambanta da Siffantawa da Salon Magana

Kamantawa wani nau'i ne na adon harshe inda ake kwatanta abubuwa biyu mabambanta a kan wata siffa da suka yi tarayya a cikinta. Ana gane ta da kalmomi irin su kamar, tamkar, awa, ya fi, da bai kai ba. Manazarta adabin Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, sun kasa ta gida uku:

(a) Kamancen daidaito: Yatsunsa sun rine kamar na marinin Ƙofar Mata.
(b) Kamancen fifiko: Haƙurin tsohuwar ya fi Dutsen Dala girma.
(c) Kamancen gazawa: Kasuwar Kurmi ba ta kai gidan bikin nan hayaniya ba.

Sharaɗin kamantawa shi ne abubuwan biyu su fito daga jinsi daban-daban, har kwatancen ya zana hoto a zuciyar mai sauraro. Don haka jumlar “Audu ya fi Bala tsawo” awo ne kawai, ba adon harshe ba. Haka kuma ba kowace “kamar” ce take haifar da kamantawa ba. A cikin “Zai iso kamar ƙarfe biyu”, kalmar ƙiyasin lokaci take nunawa.

Ita kuwa siffantawa, ɗaukar abu ake yi a ce shi ne wani abu kai tsaye, ba tare da kalmar kwatance ba. Idan aka ce “Mahaifinsu kamar ganuwa yake gare su”, an yi kamantawa. Idan aka ce “Mahaifinsu ganuwa ne”, an yi siffantawa. Kirarin birnin, wato Kano ta Dabo tumbin giwa, wanda yake ɗauke da sunan Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846), siffantawa ce, domin an mayar da garin tumbin giwa saboda yalwarsa da yawan abin da ya haɗiye.

Salon magana ya sha bamban da waɗannan biyu, domin ƙayyadaddun kalmomi ne da al'umma ta gada, waɗanda ma'anarsu ba ta fitowa daga ma'anar ɗaiɗaikun kalmomin. Mai farin jini ba jininsa ne fari ba, mai dogon hannu kuma ɓarawo ake nufi. Ba a kuma sauya kalmominsa: idan aka ce “doguwar ƙafa”, ma'anar sata ta ɓace. Amma kamantawa da siffantawa kowa yana iya ƙirƙirar sababbi.

Wajibi ne malami ya riƙe wannan bambanci, domin idan ya koyar da cewa duk jumlar da take da “kamar” kamantawa ce, zai ba da maki ga amsar da ba daidai ba, kuma ɗalibansa za su tafi da kuskuren har ɗakin jarrabawa.

Aiki
1. Kawo misalai biyu na kowane nau'in kamantawa.
2. Mayar da misalin (a) zuwa siffantawa.
3. Bayyana ma'anar “cin fuska” da “ɗaurin gindi”.