Sauya Fuskar Jaruma: Darasi Daga Shirin Labarina

Daga kasuwar Jibiya har ta Maraɗi, rumfunan masu tura fim a waya sun sha gardama kan shirin Labarina. Darakta Aminu Saira ya fara fito da shi a 2020, Nafisat Abdullahi tana fitowa a matsayin Sumayya. Da ta fice a 2022, sai aka ɗauko Fati Washa ta gaje ta.

Ba ma musun cewa Fati Washa gwana ce. To amma mu 'yan kasuwa mun sani, mai saye ya saba da tambarin buhunsa. Ranar da aka sauya, sai ya tsaya taya. Don haka muke kira ga masu shirya fim da su riƙa ƙulla yarjejeniya da jarumi har ƙarshen labari kafin a kunna kyamara. Sabo ake wa kuka.