Neman Ƙarfe a Bakin Teku: Yadda Ake Zaɓen Maɗebin Yashi da Ya Dace

A gaɓar tekun ƙasashe irin su Birtaniya, Amurka da Ostareliya, an saba ganin mutane da sanyin safiya suna tafe a hankali, suna kaɗa wata na'ura mai faifai a kan yashi. Na'urar gano ƙarfe ce, abin da suke nema kuwa shi ne tsabar kuɗi, zobba, sarƙoƙi, makullai da sauran abubuwan da suka suɓuce wa masu wanka da masu shan iska. A wasu wuraren abin ya wuce haka. A gabashin jihar Fulorida ta Amurka, inda guguwa ta nutsar da jiragen ruwan Sifaniya 11 a watan Yulin 1715, har yau teku kan fito da sulallan azurfa da na zinariya bayan hadari mai ƙarfi.

Sai dai na'urar nuni kawai take yi. Za ta yi ƙara ta ce akwai ƙarfe a nan, amma fito da shi aikin maɗebi ne, wato wani ɗan shebur mai siffar kwando, wanda jikinsa ke da huji kamar rariya domin yashi ya zube, abin da ake nema ya tsaya. Sabbin shiga sukan kashe kuɗi masu yawa a kan na'ura, su sayi maɗebin da ya fi araha, daga baya su ga suna jin ƙara amma ba sa samun komai. Ƙa'idar zaɓen kuwa guda ce: irin yashin da mutum zai yi aiki a cikinsa shi ke faɗa masa maɗebin da zai saya.

Yashi iri uku ne

Bakin teku ya kasu kashi uku. Na farko shi ne busasshen rairayi na can sama, inda mutane ke shimfiɗa tabarma. Ba shi da nauyi, yana zuba da sauri, kuma abin da ya faɗi a cikinsa ba ya yin nisa sosai. A nan ƙaramin maɗebi na hannu ya wadatar, ko da na roba ne. Na roba ma yana da wata fa'ida: na'ura ba ta jin sa, saboda haka ana iya ɗibar yashi a gitta shi a gaban faifan a tabbatar ko abin ya shigo.

Na biyu shi ne jiƙaƙƙen yashi, wanda ruwa ke rufewa idan teku ya cika, ya bari idan ya janye. Yana da tauri da nauyi. Lita ɗaya takan kai kusan kilo 2, ke nan maɗebin da ke cin lita 3 zai ɗago kusan kilo 6 a kowane ɗiba, ban da nauyin kansa. Roba ba ta jure wannan, takan lanƙwashe ko ta tsage.

Na uku shi ne cikin ruwa, daga idon sawu zuwa ƙugu. A nan mai nema ba ya ganin ramin da yake haƙawa, igiyar ruwa kuma tana mayar da yashi cikinsa nan take. Zinariya ta fi ruwa nauyi kimanin sau 19, don haka duk lokacin da aka motsa yashin da ke ƙarƙashin zobe ba a kama shi ba, sai ya ƙara nutsewa. Wanda bai ɗauko abin a ɗiba biyu ko uku na farko ba, sau da yawa ya rasa shi ke nan. Shi ya sa ake son maɗebi mai faɗin baki da zurfin ciki a wannan wuri.

Ƙarfen da aka ƙera shi da shi

Gishirin teku yana cin ƙarfe. Baƙin ƙarfe da aka yi wa rufi yana da araha, amma da zarar yashi ya goge rufin sai tsatsa ta kama shi. Alminiyam ba shi da nauyi, domin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ba, ya kuma dace da yashi mai laushi, amma bakinsa yakan dakushe ko ya lotse idan ya haɗu da tsakuwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne wanda mafi yawan masu shiga ruwa suka fi amincewa da shi. Akwai lamba 304 da lamba 316, na biyun ya fi jure gishiri saboda sinadarin molibdenom da ke cikinsa. Titaniyam ya haɗa ƙarfi da rashin nauyi, amma tsadarsa ta sa ba kowa ke iya saye ba.

Ko wanne mutum ya zaɓa, ya duba walda da kyau, musamman inda kwandon ya haɗu da mazaunin ƙota, domin a nan ne maɗebi ya fi karyewa. Ya kuma duba ko bayansa yana da kauri ko wani faranti na takawa, tun da a jiƙaƙƙen yashi da ƙafa ake danna shi. Baki mai tsini ya fi shiga yashin da ke gauraye da tsakuwa da ɓawon katantanwa, mai zagaye kuwa ya fi kwasar yashi mai laushi.

Girman huji

Nan ne ake yin ciniki tsakanin sauri da asara. Faɗin hujin yakan kama daga kimanin milimita 7 zuwa 16. Manyan huji suna zubar da yashi da sauri, kuma tsabar kuɗi ba ta wucewa: faɗin kwabo 5 na Birtaniya milimita 18 ne, na senti 10 na Amurka ma kusan haka. Amma ɗan kunne ƙarami da siririyar sarƙa za su sulale su koma ƙasa. Ƙananan huji suna riƙe waɗannan, sai dai jiƙaƙƙen yashi yakan toshe su, mutum ya yi ta girgiza har hannu ya gaji. A cikin ruwa matsalar ba ta da yawa, domin ruwan ne ke wanke yashin. Wasu maƙera sukan haɗa biyun, ƙananan huji a gindi inda abu ke kwanciya, manya a gefe. Wasu masu nema kuma sukan liƙa maganaɗisu a ciki domin ya kama ƙusoshi da ƙugiyoyin kamun kifi, waɗanda kan yanki yatsa.

Ƙota

Gajeren mariƙi yana nufin durƙuso sau da dama a yini, abin da ke gajiyar da gwiwa da baya. Doguwar ƙota, wadda ta kai mutum ƙirji ko kusa da haka, tana ba shi damar haƙa a tsaye, na'ura a hannu ɗaya, maɗebi a ɗayan. Ta katako tana da araha da sauƙin sauyawa, amma tana shan ruwa. Ta zaren kabon ba ta da nauyi, sai dai tsada. Matafiya sukan so wadda ake rabawa gida biyu, ko da yake mahaɗar tana iya zama wurin rauni. Idan kwandon na ƙarfe ne, a riƙa jan sa a baya, nesa da faifan, don kada na'urar ta riƙa jin sa. Bayan aiki a wanke shi da ruwan daɗi, musamman inda alminiyam ya taɓa wani ƙarfen daban, domin ruwan gishiri yana hanzarta cin wurin.

Doka da amana

Mallakar kayan aiki ba izinin haƙa ba ne. A Amurka an haramta amfani da na'urar gano ƙarfe a gandayen ƙasa da gwamnatin tarayya ke kula da su, har da gaɓar tekun da ke cikinsu. A Ingila, Wales da Ireland ta Arewa, dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ake zaton taska ce cikin kwana 14, yayin da dokar sufurin jiragen ruwa ta 1995 ta tanadi a sanar da hukuma duk abin da ya fito daga jirgin da ya nutse. Zoben da ya faɗi jiya kuwa har yanzu na mai shi ne, kuma da yawa daga masu wannan sha'awa sun yi suna wajen mayar wa mutane zobban aurensu.

Akwai kuma haɗari. A gaɓar Birtaniya da ta arewacin Faransa, har yau akan ci karo da harsasai da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da ba su fashe ba. Wanda maɗebinsa ya bugi abin da bai gane ba, ya bar shi a wurin, ya ja da baya, ya kira jami'an tsaron gaɓa. Kowane rami a cike shi kafin a wuce, domin mai tafiya yana iya karyewa a ciki, a Fulorida kuma ramuka kan tare 'ya'yan kunkurun teku da ke neman hanyar ruwa a lokacin ƙyanƙyasa.

Saboda haka, kafin mai sha'awa ya tambayi farashi, ya fara tantance inda zai fi yin aiki. Idan busasshen rairayi ne, ƙarami mara nauyi ya isa. Idan jiƙaƙƙen yashi ne ko cikin ruwa, ya nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ingancin walda da doguwar ƙota, wanda kuma zai iya ɗagawa cike da yashi na tsawon sa'o'i ba tare da ya ji wa bayansa ciwo ba.