Jaririn Da Nono Ke Ƙware Shi Tun Ran Haihuwa

Iyaye mata da ungozomomi na Birnin Kudu da Gwaram, ga wata cuta da ya kamata ku sani, ko da yake ba ta da yawa. Cikin jarirai kamar 3,000 zuwa 4,000 akan sami ɗaya.

A wuyan mutum hanya biyu ce, ɗaya ta iska zuwa huhu, ɗaya ta abinci zuwa ciki. Wani jariri akan haife shi hanyar abincinsa ba ta kai ciki ba, ta tsaya kamar bakin aljihu. Ga yawancinsu kuma guntun da ke ƙasa ya haɗe da hanyar iska. To, in ya sha nono ina za shi? Sai ya komo, ya malala cikin huhu.

Alamun ba su ɓuya. Miyau mai kumfa yana ta fita bakinsa, an share ya dawo. Da an sa shi a nono sai ya ƙware, ya yi tari, leɓunansa su yi baƙi-baƙi. Sau da yawa uwar ta yi ruwan ciki fiye da kima.

A nan ne akan yi hasara. Wata tsohuwa ta ce beli ne, a kira wanzami. Wata ta ce a ɗura masa ruwa. Kada ku yarda! Kowane cokali huhu yake tafiya. Ku daina ba shi kome ta baki, ku ɗaga kansa, ku lulluɓe shi, ku nufi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a ranar, kada a jira suna. Likita zai zura siririyar roba ta baki, in ta cije a wajen inci 4 an gane. Aikin na likitocin fiɗar yara ne, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Dā babu mai tsira. A 1941 Likita Cameron Haight na Amurka ya fara haɗa hanyar, jaririyar ta rayu.

Bayan fiɗa ma da sauran lura. Hanyar iskar waɗannan yara takan yi laushi, shi ya sa tarinsu ke ƙara kamar haushi, mura kuwa takan sauka musu a ƙirji da sauri. Wurin ɗinkin yakan tsuke, musamman lokacin da aka fara ba yaro tuwo. In loma tana tsaya masa, a mai da shi asibiti a buɗa wurin.