Ƙafa Biyu da Guntun Kunne: Yadda Ibraniyawan Dā Suke Maganar Ceto

A shekara ta 701 kafin Miladiyya, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa ƙasar Yahuza. A rubutun da ya bari a jikin laka, ya yi alfaharin cin garuruwa 46 masu ganuwa. Yana sansani a Lakish ya tura babban hakiminsa, mai sarautar Rabshake, zuwa Urushalima don ya karya wa mutanen birnin gwiwa tun kafin a harba kibiya ko ɗaya. Sura ta 18 ta Littafin Sarakuna na Biyu ta ba da labarin yadda aka yi. Fadawan Sarki Hezekiya uku, Eliyakim da Shebna da Yowa, suka fito suka roƙi baƙon ya yi musu magana da Aramanci, harshen jakadu, wanda su suna ji amma talakawa ba sa ji. Ya ƙi. Ya ɗaga murya da harshen mutanen Yahuza, don waɗanda ke zaune bisa ganuwa su ji da kunnensu.

Wanda ya karanta jawabin nan da Ibrananci zai ga kalma ɗaya tana ta dawowa: hitsil. Rabshake ya ce Hezekiya ba zai iya yi musu ita ba, Ubangijinsu ma ba zai yi ba, kamar yadda gumakan Hamat da na Arfad suka kasa yi wa mutanensu. Mutumin ya san inda ya dosa. Kalmar da mutanen nan ke addu'a da ita ya ɗauka yana jifan su da ita.

Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, kuma kamar Larabci, yawancin kalmominsa daga saiwa mai baƙaƙe uku suke tsirowa. Saiwar hitsil tana nufin fizge abu daga hannun wanda ya riga ya damƙe shi, kuma a bakin makiyaya aka fi jin ƙarfinta. Lokacin da Dawuda, yana saurayi, yake shawo kan Sarki Saul ya bar shi ya tunkari Goliyat, hujjarsa ita ce kiwo: zaki ko beyar kan ɗauki ɗan rago daga garke, shi kuwa ya bi shi ya ƙwato ragon daga bakinsa. Da wannan kalmar ya faɗi abin da ya yi wa ragon, da ita kuma ya faɗi abin da yake sa ran Allah zai yi masa.

Amos, makiyayi daga Tekowa wanda ya yi wa'azi wajen 760 kafin Miladiyya, ya kai maganar inda ta fi ciwo. Dokar da ke cikin Littafin Fitowa ta ce idan naman daji ya kashe dabbar da aka ba mutum kiwo, sai ya kawo ragowar a matsayin shaida, ba zai biya ba. Amos ya gaya wa attajiran Samariya, masu kishingiɗa a kan gadaje, cewa irin wannan kuɓuta ce ke jiran su, wato abin da makiyayi ke tsamowa daga bakin zaki, ƙafa biyu ko guntun kunne. Ragon ya tafi. Abin da ya rage shaida ce kawai cewa an taɓa yin rago. Duk da haka hitsil ya kira ta.

Nan ne mai karatun Hausa zai so ya ɗan dakata. Idan aka ce ceto, hankalin Musulmi yakan tafi ranar ƙiyama, na Kirista kuma ya tafi ga gafarar zunubi da rai madawwami. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, yana amfani da ceto da kuɓutarwa da fansa da kiyayewa, kuma kalmomi ne masu kyau. Sai dai a Tsohon Alkawari, mafi yawan lokaci, abin da ake neman tsira daga gare shi yana nan duniya, ana ganin sa da ido: maƙiyi a ƙofar gari, yunwa, bashi, cuta, shaidar zur, rijiyar da aka jefa mutum ciki. Kalmomin Ibranancin sun yi aiki a daji da kasuwa da gaban alƙali kafin su shiga addu'a, kuma ba su rabu da ƙurar wuraren ba.

Mafi shahara a cikinsu ita ce hoshiya, wadda sunan aikinta yeshuwa ne. Abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne kawo ɗauki. Kalma ce ta kai kuka. Matar Tekowa da ta faɗi a gaban Sarki Dawuda tana neman a hana dangi kashe ɗanta da ya rage, da ita ta buɗe baki. Haka ma matar da ta tare sarkin Isra'ila yana tafiya bisa ganuwar Samariya, lokacin da yaƙi ya kewaye garin yunwa ta kai mutane maƙura. Sarki ya amsa mata cewa in Allah bai kawo mata ɗauki ba, shi ba shi da hatsi ko ruwan inabin da zai ba ta. Dokar da ke cikin Littafin Maimaitawar Shari'a ta wanke yarinyar da aka yi wa fyaɗe a daji da hujjar cewa ta yi ihu amma babu moshiya, babu mai kawo ɗauki. Masanin nan John Sawyer, wanda ya yi littafi guda a 1972 a kan waɗannan kalmomi, ya nuna yadda moshiya ke da alaƙa da shari'a: shi ne mai tsaya wa wanda aka zalunta. Saboda haka idan mai zabura ya kira Allah da wannan kalma, ƙara yake ɗaukakawa zuwa ga sarkin da ba a wuce shi.

Iyaye sun zuba ta a sunayen 'ya'yansu. Joshuwa, Ishaya, Yusha'u, Elisha, duk daga wannan saiwa suke, haka ma Yeshuwa, sunan da ya zama Yesu. Hosanna da ake rerawa a coci roƙon ɗauki ne daga Zabura ta 118, wanda da tafiya ta yi tafiya ya koma kirari. Ba Isra'ilawa kaɗai ke da kalmar ba. A 1868 aka gano wani baƙin dutse a Diban, cikin ƙasar Jodan ta yau, wanda Mesha sarkin Mowab ya sa aka rubuta wajen 840 kafin Miladiyya. Sunansa kansa daga saiwar yake, kuma a kan dutsen ya gode wa gunkinsa Kemosh da wannan kalma don ya tsamo shi daga hannun sarakuna. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. A wani kogon kabari kuma a Kirbet Bet Lei, kusa da Lakish, an sami inda wani ya kankare bango da 'yan baƙaƙe yana roƙon Ubangiji ya kawo ɗauki.

Tsofaffin ƙamusoshi sun haɗa wannan saiwa da wasi'a ta Larabci, wato yalwa. Masana da dama a yau ba su yarda ba, domin baƙaƙen ba su dace da abin da ake gani a tsofaffin sunayen Larabawan kudu ba. Amma ko an ajiye wannan asali gefe, tunanin yana nan daram a cikin Zabura. Wahala a Ibrananci tsara ce, daga saiwar matsi, daidai da yadda Bahaushe ke cewa yana cikin ƙunci. Mafita kuwa merhab, fili mai faɗi. A ƙasar duwatsu da kwazazzabai, inda maƙiyi kan tare mutum a mashigi, wannan ba adon magana ba ne.

Akwai pada, 'yar'uwar fidiya ta Larabci, wato biya don a saki abu. Ɗan farin jaki ana fansarsa da ɗan rago, ɗan farin mutum da shekel biyar na azurfa idan ya cika wata ɗaya, kuma har yau Yahudawa masu riƙe da al'ada suna miƙa wa firist tsabar azurfa biyar. Pada ba ta damu da ko wane ne mai biyan ba.

Ga'al kuwa ta damu ƙwarai, kuma ita ce ta fi kowace daɗi a wannan iyali. Go'el shi ne ɗan'uwa mafi kusa wanda nauyin mutum ya rataya a wuyansa. Idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gado, go'el zai saye ta ta dawo gida. Idan ya sayar da kansa bauta ga baƙo, ɗan'uwansa ko baffansa ko ɗan baffansa zai fanso shi. Idan an kashe shi, go'el ne mai bin jininsa, abin da ya sa aka ware birane shida na mafaka don wanda ya yi kisa ba da gangan ba. Littafin Rut ya nuna yadda ake yi a aikace: Bo'aza ya zauna a ƙofar Baitalami, ya tara dattawa goma, ya kira dangin da ya fi shi kusanci. Mutumin ya yarda da gona, da ya ji akwai bazawara 'yar Mowab, wato Rut, a cikin cinikin sai ya janye, ya tuɓe takalminsa ya miƙa, alamar ya bar haƙƙinsa.

Irmiya ya yi wannan aiki a lokacin da ba mai hankalin da zai yi. Rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi, sai ga ɗan baffansa Hanamel ya zo da tayin gona a Anatot, ƙauyensu, wanda ke yankin da Babilawa suka riga suka mamaye. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, aka rubuta takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya ba magatakardansa Baruk ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Ba a jima ba birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali, aka kwashe mutane zuwa Babila. A surorin Ishaya da ke magana da waɗannan kamammu, daga ta 40 zuwa gaba, an kira Allah go'el fiye da sau goma. Maganar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mutanen da suka rasa sarki da ƙasa da wurin ibada, aka gaya musu Allah ya ɗauki matsayin dangi na kusa, wanda barin su a hannun baƙo abin kunya ne a gare shi. Naka sai naka.

Ba kullum ne ake fizge mutum daga wahala ba. Wani lokaci tsare shi ake yi yana cikinta, kuma wannan aikin shamar ne, kalmar mai gadin ganuwa da mai tsaron garke. Zabura ta 121, ɗaya daga waƙoƙi 15 na masu hawa zuwa Urushalima, ayoyi takwas ce kacal, amma saiwar ta fito sau shida. Tana cikin albarkar firistoci ta Littafin Ƙidaya, kuma nan ne ƙasa ta ba da shaida. A 1979 Gabriel Barkay yana tono a kaburburan Ketef Hinnom, kudu maso yamma da tsohon birnin Urushalima, aka faɗa wa wani ɗaki da rufinsa ya rufta ya ɓoye shi daga ɓarayi. Cikin kayan akwai 'yan fallayen azurfa biyu a naɗe, da rami a tsakiya inda igiya za ta bi. Shekara uku aka yi kafin a warware su ba tare da sun farfashe ba. Babban, da aka miƙe shi, tsawonsa bai kai santimita 10 ba. A jikinsu an zana albarkar nan da baƙaƙe ƙanana ƙwarai. Yawancin masana suna sa su wajen 600 kafin Miladiyya, wato sun girmi littattafan da aka samu a kogunan Tekun Gishiri da ƙarnuka. Duk wanda ya taɓa ganin laya a wuyan yaro zai gane abin da mai su yake nema, da kuma irin zamanin da yake nema a ciki, domin Babilawa suna hanya.

Abin da ya fi cancanci a jinjina wa wannan harshe a kai shi ne bai ɓoye asara ba. Yana da kalmomi na musamman don wanda ya tsallake rijiya da baya. Malat da palat suna nufin suɓucewa, har ana amfani da su ga haihuwa, lokacin da jariri ko ɗan maraƙi ya zamo ya fito. Daga nan aka sami peleta, waɗanda suka sha da ƙyar, da kuma she'erit, ragowa. Da su Yusufu ya bayyana wa 'yan'uwansa dalilin zuwansa Masar, bayan shekara biyu na yunwa, saura biyar. Ishaya ya raɗa wa ɗansa She'ar-yashub, ma'ana ragowa za ta dawo, suna mai ɗauke da bushara da ta'aziyya a lokaci guda, tunda kafin a yi ragowa sai an rasa masu yawa. Urushalimar Hezekiya ma haka ta tsira. Sennakerib bai shiga birnin ba, amma Lakish ta zama toka, hotunan cin ta da aka sassaƙa a fadar Nineba suna gidan tarihin Birtaniya a Landan, kuma an biya talanti 30 na zinariya, adadin da littafin Sarakuna da rubutun Assuriya suka yi ittifaƙi a kai.

Kalmomin ba su mutu a takarda ba. A Ibranancin yau, mai tsamo waɗanda ruwa ya ci a bakin teku matsil ne, daga saiwar hitsil, ƙungiyoyin agajin gaggawa na Yahudawa kuma Hatsala ake kiran su. Miklat, sunan biranen mafaka na dā, yanzu ɗakin ɓuya ne daga bam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa kusan miliyan shida a cikinsa, waɗanda suka fito da rai suka taru a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus da Ostiriya da Italiya, suka haɗa kalmomin nan biyu suka kira kansu She'erit Hapeleta. Da wannan suna Abraham Klausner, malamin addinin Yahudu a rundunar Amurka, ya fara buga jerin sunayen waɗanda suka tsira a 1945, ana rarraba shi daga sansani zuwa sansani don mutane su duba ko nasu na ciki.