Masu Gina Kumbo Da Tubalin Roba

A shekarar 2017 kamfanin LEGO na ƙasar Danmak ya fito da wani akwatin kayan wasa wanda ke ɗauke da gutsattsarin roba guda 7,541. Wanda ya yi haƙurin harhaɗa su bisa ga littafin umurnin da ke cikin akwatin, zai sami siffar wani kumbo mai suna Millennium Falcon, mai tsawon santimita 84, watau jirgin da ya yi suna a fim ɗin Star Wars. Kuɗinsa a Amurka a lokacin ya kusa dala 800, abin da ya nuna cewa ba don yara ƙanana aka yi shi ba. Masu sayensa galibi magidanta ne, injiniyoyi da malaman makaranta da ma'aikatan ofis, waɗanda suka ɗauki wannan wasa tamkar sana'a ta biyu. Daga cikinsu kuwa akwai waɗanda da zarar sun gama gini sai su wargaza shi, su ajiye littafin umurnin gefe, su gina nasu kumbon wanda ba a taɓa ganin irinsa a wani fim ba.

ASALIN TUBALIN

Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen, a wani ƙaramin gari da ake kira Billund, ya fara sassaƙa kayan wasan yara da katako a 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe aikin gini ya yi ƙaranci. A 1934 ya raɗa wa kamfaninsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshen Danmak masu ma'anar a yi wasa da kyau. Kamfanin ya soma yin tubalan roba a 1949, amma na farkon ba su kama juna sosai, gini ya ɗan yi tsawo sai ya zube.

An magance wannan matsala ran 28 ga watan Janairu, 1958, lokacin da ɗansa Godtfred ya nemi rajistar wata sabuwar dabara. Kowane tubali yana da ƙullutai a bisansa, a cikinsa kuma ta ƙasa akwai bututai. Idan aka danna wani a kan wani, ƙullutan na ƙasa sai su matsu tsakanin bututan da bangon na sama, su riƙe gam, amma ba riƙon da zai gagari yatsun yaro ɓamɓarewa ba. Daga 1963 aka koma yin su da wata roba mai ƙarfi da ake kira ABS. Ma'aunin bai canja ba tun daga 1958, saboda haka tubalin da kaka ya yi wasa da shi yana shiga daidai cikin wanda aka saya wa jika jiya.

Yawan hanyoyin haɗa su ya wuce yadda ake zato. Wani masanin lissafi na Jami'ar Kofanhagen, Søren Eilers, ya yi amfani da kwamfuta ya gano cewa tubala shida kacal masu launi ɗaya, kowane mai ƙullutu takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765.

YADDA KUMBO YA SHIGO

Saukar 'yan sama jannatin Amurka a kan wata a 1969, da kuma fitowar fim ɗin Star Wars na George Lucas a 1977, sun sa zukatan yaran Turai da Amurka sun karkata ga sararin samaniya. A 1978 kamfanin ya fito da ɗan mutum-mutumin nan mai motsa hannu da ƙafa, wanda Jens Nygaard Knudsen ya tsara, a shekarar kuma aka soma sayar da jerin kayan wasa na sararin samaniya. Mafi shahara a cikinsu shi ne Galaxy Explorer na 1979, mai launin shuɗi da toka-toka da gilashi ruwan ɗorawa. 'Yan sama jannatin cikinsa masu bincike ne, fuskarsu da murmushi, ba su da abokan gaba. Sai a 1987 aka fito da wata ƙungiya mai baƙaƙen kaya da ake kira Blacktron, sannan 'yan sandan sararin samaniya suka biyo baya a 1989.

Babban sauyi ya zo a 1999, lokacin da kamfanin ya soma sayar da kayan wasa na Star Wars bisa yarjejeniya da masu fim ɗin. Kafin haka an yi ta muhawara a cikin gida, domin kamfanin ya daɗe yana ƙyamar yin kayan wasa na yaƙi, ga shi kuwa kalmar yaƙi tana cikin sunan fim ɗin. Kasuwa ta karɓi kayan hannu bibbiyu, amma tun daga ranar masu sha'awar wasan suka rabu gida biyu. Wasu burinsu su kwaikwayi jirgin fim daidai wa daida, har su riƙa tsayar da hoton fim suna ƙirga tagogi da bututai. Wasu kuwa suna ganin cewa kwaikwayo ya rage wa yaro abin da tubalin ya fi amfani a kansa, watau ya ƙago abu daga kansa.

LISSAFIN DA KE CIKI

Duk mai son gina kumbon kansa tilas ya san ma'auni uku. Daga tsakiyar ƙullutu zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin tubali, ban da ƙullutunsa, milimita 9.6 ne. Akwai kuma falle, wanda kaurinsa milimita 3.2 ne, don haka falle uku suke daidai da tubali ɗaya.

Muhimmancin wannan shi ne, gida ana gina shi daga ƙasa zuwa sama, ƙullutai duk suna duban sama, amma kumbo ba shi da ƙasa ba shi da sama, ana kallonsa ta kowace fuska. Idan aka gina shi kamar gida, cikinsa zai fito da ramuka, gefensa kuma ya yi hawa-hawa kamar matakala. Saboda haka gwanaye sukan juya tubalan su kwanta ta gefe, ta yin amfani da wasu tubala masu ƙullutu a haƙarƙarinsu. A nan lissafi yake shigowa: falle biyar sun ba da milimita 16, faɗin ƙullutu biyu ma milimita 16 ne. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya haɗa bangon da ke tsaye da wanda ke kwance ba tare da giɓi ba. Wanda ya manta da ita kuwa zai ga ginin yana ƙin haɗuwa da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, in ya tilasta masa sai robar ta tsage bayan 'yan watanni.

Fukafukai masu karkata su ma da nasu lissafin. Ƙullutai a jere suke kamar layukan littafin lissafi, don haka ba kowace karkata ce za ta dawo ta faɗa kan ƙullutu ba. Maganin shi ne alwatika mai gefe 3 da 4 da 5, wadda ɗaliban sakandare suka sani a ƙa'idar Pythagoras. In aka tafi ƙullutu huɗu gaba, uku gefe, to sandar da tsakanin mahaɗanta biyu ya kai biyar za ta zauna daram.

Sai kuma batun nauyi. A tsakanin masu wannan sha'awa, kumbo ba ya shiga sahun manya sai tsawonsa ya kai ƙullutu 100, watau santimita 80, kuma a kowane watan Satumba sukan yi gasar gina irinsa cikin wata guda. Gini mai wannan tsawo in tubala ne zalla aka jera, tsakiyarsa za ta lotsa, ranar da aka ɗaga shi ya karye biyu. Don haka ake fara yi masa ƙashin baya da sanduna masu huji na jerin Technic, wanda aka fito da shi a 1977, a soke su da 'yan turaku ta tsaye da ta kwance, sannan a rataya bangon waje a jikinsu. Kamfanin kansa ya sha fama da wannan matsala: a babban jirgin Star Destroyer da ya fitar a 2002, da maganaɗisu aka riƙe wasu daga cikin bangayen.

Abu na ƙarshe shi ne ado. Masu yin siffofin jiragen fim ɗin Star Wars a kamfanin Industrial Light & Magic sun riƙa ɓalle ƙananan sassa daga kayan wasan tankokin yaƙi da motoci suna mannawa a jikin jiragensu, don ido ya ɗauka manyan injuna ne. Masu tubali sun gaji wannan dabara. Sukan ɗauki tabarau mai hangen nesa na ɗan mutum-mutumi, ko sifana, ko kan famfo, su jera a cikin lungunan jirgi su zama bututai da na'urori. Gwani shi ne wanda ya san inda zai tsaya, domin in ado ya rufe ko'ina siffar jirgin takan ɓace.

KUƊI DA JABU

Wasan yana cin kuɗi. Mai gina babban kumbo yana iya bukatar ɗaruruwan falle iri ɗaya masu launi ɗaya, alhali akwati guda ba ya ƙunsar fiye da kaɗan daga cikinsu. Wannan ya haifar da kasuwar sayar da gutsattsari ɗaiɗai a intanet mai suna BrickLink a shekarar 2000, wadda kamfanin LEGO ya saye a 2019. Da yawa sukan fara zana jirgin a kwamfuta, su ƙirga abin da zai ci, kafin su kashe ko kwabo. Tsarin zane na farko da ya yaɗu, LDraw, wani mutumin Ostareliya mai suna James Jessiman ne ya ƙirƙiro shi a 1995.

Launi ma ya taɓa jawo rigima. A 2004 kamfanin ya canja toka-tokarsa zuwa wata mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ga mai kallo daga nesa ba wani abu ba ne, amma ga wanda ya yi shekara ashirin yana tara toka-toka don jiragensa, tsohon da sabon ba su saje ba, aka yi ta ƙorafi. A wannan lokaci kamfanin yana cikin tsaka mai wuya, ya tafka asara a 2003 da 2004 har ya kusa rushewa. Jørgen Vig Knudstorp, wanda ya karɓi shugabanci a 2004, ya rage yawan ire-iren gutsattsarin da ake yi, ya kuma soma sauraren manya masu sha'awar wasan. Daga baya aka buɗe hanyar da kowa zai gabatar da zanensa, in mutum 10,000 suka goyi baya sai kamfanin ya duba yiwuwar sayar da shi. Ta haka aka sami siffar roket Saturn V a 2017, mai tsayin mita guda, da gutsattsari 1,969 don tunawa da shekarar sauka a wata.

Rajistar dabarar 1958 ta daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa ba za a mai da siffar tubalin tambarin kamfani ba. Saboda haka halal ne wasu kamfanoni su yi tubala masu shiga cikin na LEGO, akwai kuma masu yi da inganci a farashi mai sauƙi. Abin da doka ta hana shi ne kwafe zanen akwati sukutum. A kan haka 'yan sandan ƙasar Sin suka kai samame masana'antar Lepin a 2019, aka kuma ɗaure shugabanta a 2020. Ya kamata iyaye su lura da abu biyu: ƙananan gutsattsari suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba, rana kuma tana mai da farin tubali ruwan ɗorawa, don haka ba a ajiye gini a bakin taga.

DARASI GA ƊALIBAI

Tambayar da ke gaban malamai da iyaye ita ce, wane ne ya fi ƙaruwa, yaron da ya bi littafi shafi-shafi, ko wanda ya zube tubala a tabarma ya gina abin da ya ga dama? Bin littafi yana koyar da karanta zane da natsuwa da bin tsari, waɗanda babu injiniya ko magini da zai yi aiki ba tare da su ba. Amma yaron da ya tsaya nan, ya ɗora jirgin a kan kabad ya hana kowa taɓawa, ya sayi kayan ado ne da tsada. Sanin dalilin da ya sa fiffike yake faɗuwa ba ya samuwa sai ga wanda fiffikensa ya faɗi sau uku ya gyara.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron da ya fere kara bayan kaka ya yi mota, ko ya lanƙwasa waya ya sa mata ƙafafu da murfin kwalba, ya riga ya gamu da matsalolin nan na ma'auni da nauyi da mahaɗi, ba tare da littafin umurni ko dala 800 ba. Abin da tubalin roba ya fi kara da shi kawai shi ne ma'auninsa ba ya canjawa, don haka ana iya rubuta lissafinsa a koya wa wani. Makarantar da ba ta da halin sayen akwati tana iya sa ɗalibai su auna motarsu ta kara da rula, su zana ta a takarda kafin su gina, su kuma bayyana dalilin da ya sa ta karye a inda ta karye.

Masana kimiyyar sararin samaniya su kansu ba su raina wannan wasa ba. Lokacin da hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Juno a 2011, an sa masa 'yan mutum-mutumin LEGO guda uku da aka ƙera da alminiyam, ɗaya daga cikinsu siffar masanin taurari Galileo, don jawo hankalin yara ga kimiyya. Kumbon ya isa duniyar Jufita a watan Yuli na 2016, bayan tafiyar kusan shekara biyar, da su ukun a cikinsa.