Matar da ta Tsare wa Birnin Nairobi Inuwarsa

A tsakiyar Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani fili mai ciyawa da itatuwa da ake kira Uhuru. Nan talaka yakan kai iyalinsa ran Lahadi su sha iska, ba ko kwabo. A 1989 sai aka ji za a yanki wani sashensa a gina bene mai hawa 60, har da mutum-mutumin shugaban ƙasa na lokacin, Daniel arap Moi.

Mutane da yawa ba su so ba, amma tsoro ya rufe musu baki. Sai wata mace, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa tun 1977, ta ce ba ta yarda ba. Ta yi ta rubuta wasiƙu ga ministoci da jaridu da ƙasashen waje. Ta kai ƙara, kotu ta kori ƙarar. 'Yan majalisa suka zage ta, har suka yi mata gorin mutuwar aurenta. Mai karatu, ka san wanda ya rasa hujja nan yakan koma. Aka kori ƙungiyarta daga ofis, ta kwashe ma'aikatan ta kai su gidanta. To, a 1990 masu ba da kuɗin suka janye, benen kuwa bai tashi ba.

Bayan shekara takwas sai ga maganar dajin Karura, mai faɗin kimanin hekta 1,000 a arewacin birnin. Shi kam da takarda aka fara cinsa tun gatari bai iso ba, gama a ɓoye ake ta yanka wa manya filaye a ciki. Ran 8 ga Janairu 1999 ta je da mutanenta don su dasa itace a bakin dajin, masu gadin da aka ɗauka haya suka far musu da sanduna, suka fasa mata kai. Ganin haka ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, shugabannin ikilisiya ma suka sa baki, har aikin gine-ginen ya tsaya.

An ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta rasu a 2011. Dajin yana nan. An kewaye shi da shinge, iyaye suna kai 'ya'yansu su ga birai da tsuntsaye.