Kiɗan Jaz a Khartoum: Daga Gidajen Rawa Zuwa Rumfunan Biki

Jaz ɗin Khartoum da Omdurman ba irin na Amurka ba ne. Kiɗa ne na jita mai lantarki da saksafon da jerin ganguna, wanda ya ɗebi salon Kongo da na baƙaƙen Amurka ya ɗora su a kan amon gargajiyar Sudan mai hawa biyar, amon da kunnen Bahaushe ba ya baƙunta. Ya bunƙasa daga shekarun 1960, kuma abubuwa biyu ne suka raine shi. Ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda sun horar da masu busa tun zamanin Turawa. Sannan a lokacin Khartoum na da wuraren da ake biyan makaɗi kowane dare: otal-otal, kulob-kulob na Girkawa da Armeniyawa da Siriyawa, da gidajen rawa irin su Gordon Music Hall.

A wannan fage Sharhabil Ahmed, haifaffen 1935, ya samu laƙabin sarkin jaz na Sudan, matarsa Zakia na kaɗa jita a ƙungiyarsa, abin da ba a saba gani ga mace ba. Akwai kuma The Scorpions, da Blue Stars, da Kamal Keila mai waƙa da Larabci da Turanci. Rauninsu ɗaya ne: a lokacin kusan babu kamfanonin faifai a ƙasar, sai gidan Rediyon Omdurman da aka buɗe a 1940, wanda ke naɗa ya ajiye a ma'ajiyarsa. Makaɗin jaz da dandamali yake ci, ba da faifai ba.

Shi ya sa dokokin Satumba na 1983 suka taɓa wannan kiɗa fiye da kowanne. Shugaba Ja'afar Numairi ya haramta giya, aka tuttular da ita a kogin Nilu, mashayu da gidajen rawa suka rufe. Ba kiɗan aka hana ba, amma inda yake samun abinci ya tafi. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989, dokar tsaron ɗa'a ta ƙara ƙuntatawa: sai da izinin 'yan sanda ake biki, kuma ƙarfe sha ɗaya na dare ake tashi. Makaɗa da dama suka fice zuwa Alƙahira da sauran ƙasashen Larabawa.

Waɗanda suka zauna, biki ne ya riƙe su. A unguwanni irin su Alshajara, da ke kudancin Khartoum a gaɓar Farin Nilu, ana kafa rumfa a fili ko a tsakar titi, maza da mata da yara su hallara. Wannan ya kai kiɗan ga talakan da ko a da ba ya shiga kulob, kuma riba ce ta gaske. Sai dai mai biki waƙar da dangi suka sani yake so, ba doguwar busar saksafon ba. Ga tsada kuma: da ogan mai lantarki ya yaɗu, mutum ɗaya ya ɗauke aikin mutum takwas, masu busa suka yi ta raguwa. Wannan ce asarar da ta fi ciwo, domin gwanin busa ba a yin sa a shekara ɗaya.

Farfaɗowar da aka gani daga baya ta waje ta ɓullo. Kamfanin Habibi Funk na Berlin ya fitar da faifan Kamal Keila da na The Scorpions a 2018, da na Sharhabil a 2020, matasan Khartoum suka ji abin da kakanninsu suka taka. Da aka soke dokar tsaron ɗa'a a Nuwamban 2019, kiɗan dare ya dawo, ba a mashaya ba, a gidajen gahawa da cibiyoyin al'adu na Jamus da Faransa, inda masu sauraro yawancinsu 'yan boko ne masu hali.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya katse wannan. Alshajara, da yake nan ne barikin rundunar tankokin yaƙi, ta sha kewaye da luguden wuta daga dakarun RSF, mazaunanta da yawa suka gudu. Harabar rediyo da talabijin ta Omdurman, inda tsofaffin naɗe-naɗen suke, ta yi kusan shekara guda a hannun RSF kafin soja su ƙwace ta a Maris 2024. Makaɗan birnin sun watsu a Alƙahira da Kampala da Nairobi, inda suke kaɗa wa 'yan gudun hijira 'yan'uwansu.